Jajayen Turaku Nawa, Farare na Baba

Tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa ban sake zama ɗaki ɗaya da Baba ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kowa ya san kunyar suruki. Namu dai ya zo da ɗan cikas, domin ofis ɗaya muke aiki, ofishin kuma ɗaki ɗaya ne da baranda.

Ofishin ayyuka ne a Potiskum, a ƙarshe-ƙarshen zamanin Turawa, mu biyu ne malaman awo. Baba mutumin Ngizim ne, ɗan asalin ƙasar. Ya fara da jan sarƙar awo a bayan safiyo, wato mai awon ƙasa, tun yana saurayi, a nan ya koyi lambobi, bai taɓa zama a aji ba. Ni kuwa iyayena Kanawa ne 'yan koli da suka yada zango a garin suka ƙi tashi. Na gama makarantar Midil, ina da takardar shaida, kuma ba na bari kowa ya manta da haka. Da na zo ofis shi ya koya mini karanta sandar awo. Muna cin ƙosai a takarda ɗaya, yana tsokanata wai Bakano ko tudu yake aunawa sai ya nemi ragi, ni kuma ina tsokanarsa da Hausarsa, don a bakinsa mace da namiji duk "ya zo" ne. Da na ga 'yarsa na nuna ina so, ita ma ta nuna, bai ja mini rai ba. Daga nan baki ya rufe. Ranar da na koma aiki bayan biki na ɗauki teburina na fitar baranda. Da safe in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Iyakar maganarmu ke nan fiye da shekara guda. Tsakanin ɗakinsa da barandata akwai taga, a bakinta muka ajiye wani dutse. Duk takardar da zan ba shi sai in danne ta da dutsen in koma wurina, shi ma haka yake yi mini.

Da bazarar shekarar aikin lambatu ya zo. Kowace damina ruwa yakan kwanta a wajen unguwar Yindiski, ya jiƙa gindin katanga har ta zube wa masu gida. Aka ce a haƙa lambatu ya kai ruwan wani kududdufi a bayan gari. To ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, inci biyu ko uku ne tsakanin ruwa ya tafi da ruwa ya juyo cikin ɗakin mutum. An kafa turaku layi-layi a filin, muka auna bambancin tsayin kowane turke da na maƙwabtansa. Amma awo ba ya taɓa haɗuwa cif. In ka bi turaku ka zagayo inda ka fara, sai ka tarar ka haura ko ka gaza da ɗan wani abu, kuma ba ka san a ina kuskuren ya ɓuya ba. Dole sai an daidaita kafin lebura ɗaya ya sa diga a ƙasa.

Injiniyanmu Bature ne dogo mai jan wuya, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya tsaya a bakin ƙofa, inda ni da Baba duk za mu ji shi ba tare da mun kalli juna ba, ya bayyana mana yadda za a yi. Kowane turke yana da maƙwabta, galibi huɗu. Kowane maƙwabci, in ka ɗauki tsayinsa ka haɗa da bambancin da muka auna, zai faɗa maka tsayin da turken ya kamata ya kasance. Sai ka tara abin da suka faɗa ka raba da yawansu, ka rubuta sabon tsayi. Amma tunda su ma maƙwabtan gyara su ake yi, sai an sake, an kuma sakewa, zagaye bayan zagaye, har lambobin su daina motsi. Duwatsun siminti biyu kaɗai ba a taɓawa, ɗaya a gindin ofis, ɗaya a bakin kududdufi. Ya sa an shafa wa turakun fenti ɗaya bayan ɗaya, ja, fari, ja, fari, yadda kowane jan turke farare ne kewaye da shi, kowane fari kuma jajaye.

"Jajaye naka, Malam," ya ce da ni. "Farare nasa. Ku yi tare, ku yi musaya, ku sake."

Har ya juya zai tafi sai ya dawo, ya ƙara da cewa takarda ta zo daga sama: bayan wannan aikin malamin awo ɗaya za a bari a ofis. Zai duba aikinmu ya zaɓa. Ya faɗa kamar yana faɗin gobe Talata, ya hau motarsa. Matata tana da ciki wata shida. Baba kuma ya haura hamsin, gidansa cike da bakunan da yake ciyarwa. An ce mu yi tsere, ni da mutumin da ba na iya ɗaga ido in kalla.

Muka fara. Da safe ni in ɗauki takardar fararen da ya yi jiya in gyara jajayena, shi ya ɗauki takardar jajayen da na yi jiya ya gyara fararensa. Da hantsi, lokacin da Bature ke tafiya karin kumallo, kowa ya kai tasa bakin taga ya ɗauki ta ɗan'uwansa. Mu sake yi, kafin azahar mu sake musaya mu tashi. Zagaye biyu a rana, takardu huɗu. Lambobin suna matsawa, amma a hankali, kuma akwai abin da ya riƙa ci mini rai. Wani jan turke da ke kusa da masallacin unguwar, yau da safe ya hau, da rana ya sauka, gobe da safe ya sake hawa. Ba shi kaɗai ba, kusan dukansu haka suke lilo. Na sake lissafina sau uku ban ga kuskure ba. A raina na ce to tsohon ne, wanda bai shiga aji ba ai dole wata rana ta nuna. Na faɗi wannan a raina, ba zan ɓoye ba.

Kwana uku muna haka. A rana ta huɗu na zo na gaishe shi, na zauna, na duƙufa. Can na ɗaga kai sai na ga Baba ya fito da kujerarsa bakin ƙofa, ya miƙe ƙafa, ya ɓare goro yana ci. Ba fensir a hannunsa, ba takarda a gabansa. Na ɗauka ba shi da lafiya. Da hantsi na kai takardata bakin taga, babu tasa a ƙarƙashin dutse. Ina komawa wurina ya tashi a hankali, ya ɗauki tawa da ko tawadarta ba ta gama bushewa ba, ya shiga ciki. Kafin azahar ya fito ya danne fararensa da dutse ya tafi gida.

Na rasa abin da zan yi da kaina. Ba zan iya gyara jajaye ba sai da sababbin farare, fararen kuma sai azahar. Don kada a gan ni zaune sai na jawo tsofaffin takardu ina kwafe su da tawada, layi a miƙe, lamba kamar an buga. Washegari haka, jibi haka. Takardu huɗu a rana sun koma biyu. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas da yamma, leburori suna zaune gindin darbejiya suna jiranmu, kuma kowace safiya Bature yakan wuce ta bakin ƙofar nan, har sai ya kauce wa ƙafafun Baba kafin ya shiga.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba wai ina so ya ci tseren ba ne, ban san ma abin da nake so ba. Amma mutum ya zauna yana cin goro a idon Bature, ya rage mana aiki da rabi, ga ruwa na tafe wa mutanen Yindiski, wannan ya fi ƙarfin hankalina. Kuma ba bakin magana. Na sauke a kan matata, tana tankaɗe na ce mata, "Ke, ubanki lafiya yake kuwa?"

Ta ce, "Me ya yi?"

Na ce, "Ai da ya yi wani abu da da sauƙi. Ba ya yin komai."

Ta je gidansu da la'asar ta dawo. Ta ce, "Ya ce in faɗa maka ka riƙa jiran takardarsa, shi ma zai jira taka. Ya ce kada ka yi da ta jiya in ta yau tana hanya."

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan. Sai ya tambaye ni ko ƙafata ta daina kumburi."

Na ɗauki maganar isa ce kawai irin ta manya, a ce ka jira don an girme ka. Na yi tsaki, abin da ban taɓa yi a kan maganarsa ba, ta dube ni ta ci gaba da aikinta.

Ranar Asabar Bature ya tsaya a barandata. Ya duba kwafen da na yi, ya gyaɗa kai, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, me ya sa tsohon nan yake zaune kowace safiya?"

Baba yana nan taku biyar daga inda muke. Ko da ba ya nan, ta yaya zan buɗe baki in yi bayanin surukina? Ko yabonsa ba na iya yi a gaban mutane, balle a ce in faɗi laifinsa. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Duk ɗan ƙasar nan da ya gan ni zai san kunya ce. Bature kuwa ya dube ni ya ce, "Na gane. Kana rufa masa asiri. Kai mutumin kirki ne." Ya shiga ciki. Sai da na ji ƙarar keken rubutunsa sannan na fahimci abin da shiruna ya faɗa masa.

Ranar Lahadi ba aiki. Na kwaso takardun duka na kawo gida, na shimfiɗa tabarma a inuwa da hantsi, na jera su. Niyyata in nemo inda tsohon ya yi kuskure, ko in sami abin da zan kwantar da raina da shi in ce ai dama ya cancanta. Na fara da na kwana ukun farko. Na ɗauki jajayena na farko, na nemi takardar da aka yi da su, fararensa ne na biyu. Su kuma suka haifi jajayena na uku, na uku suka haifi fararensa na huɗu. Na jera su layi ɗaya. Sai na ga saura rabin takardun a hannuna, ba ɗaya daga cikinsu da ta shiga wannan layin. Na jera su daban: fararensa na farko, jajayena na biyu, fararensa na uku, haka har ƙarshe. Layi biyu ne a kan tabarmar, kowanne yana tafiyarsa, ba inda suka taɓa juna.

Na daɗe ina kallonsu. Ashe kwana uku aiki ɗaya muke yi sau biyu. Lilon da turken masallaci yake yi ba kuskuren kowa ba ne, da safe ina karanta shi a layi ɗaya, da rana a ɗaya layin. Ko wane layi ka ɗauka ka ƙona, ɗayan zai kai ka inda za ka ba tare da ya san an yi rashi ba.

Na juya ga na kwanakin goro. Layi ɗaya ne tak, ja, fari, ja, fari, kowace takarda ta hau kan wadda ta gabace ta. Na ɗauki turken masallacin na gwada yadda motsinsa ke raguwa. Abin da takardu huɗu suke ragewa a rana a da, shi takardu biyu suke ragewa yanzu, ba ƙari ba ragi, kuma lilon ya tsaya. Na gwada turke na biyu, na uku, na goma, duk haka. Ban sami kuskure ko ɗaya a fararensa ba. A jajayena na sami biyu, kuma a takardarsa ta gaba na ga ya gyara su da fensir a gefe, ƙanana, bai ce komai ba. Ni da Midil ɗina kwana tara ina kallon abin ban gani ba, shi ya gani a kwana uku. Matata ta kawo mini fura ta tarar da ni riƙe da kai, ta ce ko zazzaɓi ne, na ce mata a'a.

Ranar Litinin tun kafin Bature ya kashe mota na tare shi da takardun. Na jera masa su a kan teburina, layi biyu a nan, layi ɗaya a can. Ya cire hularsa ya duƙa, ya bi su da yatsa, ya yi fito a hankali. Ya ce duka hanyoyin biyu suna cikin littattafansu, har da sunayen waɗanda suka ƙago su, shi ne ya ba mu ta farko don ya ga mu biyu ne. Ya ce asalin maganar raba aiki ne gida biyu: abin da za ka warware yanzu da sabuwar lamba, da abin da za ka ara daga zagayen da ya wuce. A irin wannan lissafin, duk yadda ka rage aro daga tsohon zagaye haka za ka fi saurin isa. Hanyar farko aro take yi gaba ɗaya, ta biyu rabi.

"Kai ka gano wannan?" ya tambaye ni.

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Shi ne." Na nuna taga da haɓa, don Baba yana ciki bai fito ba tukuna. "Ba zaman banza yake yi ba, takardata yake jira."

Bature ya ɗago daga kan takardun. Ya ce, "To lallai yana da kai. Amma Malam, ka duba abin da ka nuna mini. In ɗaya yana aiki ɗaya yana jira, ai mutum ɗaya ya isa, ya yi ja ya yi fari a tebur ɗaya. Kuma na riga na aika sunanka tun Asabar, cewa kai za a bari. Can sama ma za su so mai takardar shaida."

Na zo in ceci mutum, na kawo hujjar korarsa da hannuna, a jere, da tsabta. Zuciya ta ɗebe ni, na manta da wa nake magana. Na ce, "To ni a sallame ni. Ba zan zauna a kan wannan ba." Ya ce in yi tunani, ya sa hularsa ya tafi wajen leburori.

Ina tsaye ina huci sai na ji murya ta taga.

"Malam."

Fiye da shekara bai kira ni ba. Na durƙusa a inda nake, ba na ganinsa, shi ma ba ya ganina.

Ya ce, "Koma teburinka. Kada ka ɓata mini aiki."

Na ce, "Baba, ni na jawo. Ya tambaye ni na yi shiru."

Ya ce, "Na san za ka yi shiru. Da ka yi magana ai da ban ba ka 'yata ba." Na ji yana tattara wani abu a ciki. "Tun rana ta uku na ga mutum ɗaya ya isa. Jira kuwa, a cikin ɗaki ma ana yinsa, ba wanda zai gani. Kana tsammani ban san ta inda Bature yake wucewa ba ne da na kai kujera bakin ƙofa?"

Kwana da kwanaki ina zaginsa a raina a kan goron nan, ashe kowace safiya yana zaune ne yana miƙa mini aikinsa a gaban idona.

Ya ce, "Ni ina da gona a Yindiski, lambatun nan ma ta gefenta zai bi. Kai me kake da shi? Yarinyar nan yana da ciki. Ka kula da turke na huɗu a layin ƙarshe, awonsa na gabas ban yarda da shi ba."

Ya fito da ɗan ƙunshinsa, fensir biyu da butarsa, ya wuce ta gabana yana kallon wani wuri kamar kullum. Bai jira ƙarshen wata ba.

Ragowar aikin ni kaɗai na yi shi, ba jiran hantsi ba jiran azahar, cikin kwana uku lambobin suka tsaya. Turke na huɗun nan na koma na sake aunawa, gaskiyarsa ce. An haƙa lambatu kafin ruwa ya kankama, ya kuma ɗauki ruwan. Ɗiyarmu ta zo a tsakiyar damina. Baba ya yi noma shekaru da dama bayan haka, kuma har ya bar duniya ba mu sake tayar da maganar ba, gaisuwa ce daga nesa, kaina a ƙasa.

Amma safiyar farko da na zauna ni kaɗai ita ce ba ta barina. Na gama jajayena, na tashi na kai bakin taga, na danne da dutse, na koma na zauna ina jira. Na jima a haka kafin na tuna ba mai ɗauka. Na zagaya na shiga ɗakin, na miƙa hannu ta ciki na ɗauki takardata. Kujerarsa tana nan gaban teburinsa, ya mayar da ita wurinta kafin ya tafi. Na tsaya a kanta na kasa zama. Fararen a tsaye na yi su.